Wai da gaske a Jamus hayar kabari ake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Don Allah wai gaskiya ne a Jamus akwai maƙabartar da bas ke yawo a cikinta, kuma wai kabarin ma haya ake biya? Yayana da ke can ne ya faɗa min, ni dai na ɗauka zolayata yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ai yayanka bai zolaye ka ba. Da alama maƙabartar Ohlsdorf yake nufi, ta birnin Hamburg, wadda hukumar birnin ta buɗe a 1877 saboda ƙananan maƙabartun coci-coci na cikin gari sun cika. Faɗinta ya kai hekta 389, titunan mota a ciki kusan kilomita 17, to ka ga mutum ba zai iya karaɗe ta a ƙafa ba shi ya sa bas na haya ke shiga har da tashoshinsa. Wilhelm Cordes, daraktanta na farko, kamar lambu ya tsara ta, bishiyoyi da tafkuna da furanni, har yau mutane na zuwa shan iska kawai. Can aka binne tsohon shugaban gwamnati Helmut Schmidt a 2015, akwai kuma kabarin bai ɗaya na mutum fiye da 30,000 da ruwan bama-baman 1943 na Yaƙin Duniya na Biyu ya kashe.

Maganar haya kuwa nan ne abin yake ɗaure wa mutane kai. A Hamburg ba a sayar maka da kabari ya zama naka har abada, ikon amfani kake biya, galibi na shekara 25, in wa'adi ya cika iyali su sabunta in irin kabarin da ake sabuntawa ne, in kuma babu mai biya sai a ɗauke dutsen a sake ba wani wurin. Ni kam wannan ya fi ba ni mamaki a kan bas ɗin. Wannan wa'adi na cikin dalilan da suka sa Musulmi da yawa, musamman Turkawa, suka daɗe suna mayar da gawa gida.

Amma akwai ɓangaren Musulmi a Ohlsdorf ɗin, 'yan kasuwar Iran ne suka fara samun fili tun 1941, kaburbura na fuskantar alƙibla, kuma yanzu Hamburg ta yarda a binne da likkafani ba sai da akwati ba. In yayanka zai kai ziyara, ya nemi taswira a bakin ƙofa, ɓata a ciki ba wuya.