Batirin tsohuwar motar soja yana mutuwa a ajiye

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohuwar Steyr ta soja a gwanjo, ina dakon hatsi da ita. Batir biyu na saka sababbi fil, amma da ta kwana biyu a ajiye, sai turi. Mai gyaran waya ya cire kan batir mota na aiki, ba ta mutu ba, ya ce altaneta (na'urar da ke cajin batir) lafiya lau. Motar nan ita ce jarina. Mene ne abin yi? Daga Azare.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ɓarawon wuta gare ka, kuma mitar awon wuta ta masu gyaran waya ce ke kama shi. Kashe komai, cire wayar negatif, ka sa mita a kan amfiya 10 tsakanin wayar da kan batir. Kada ka tayar da mota a haka, mitar za ta ƙone. Motar da ba ta da kwamfuta, kusan sifili ya kamata ka gani. In ta nuna wuta na tafiya, ka riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi, to a layin wannan fis ɗin ɓarawon yake. Ka duba kuma ko wani ya ja wa rediyo volt 12 daga batir guda, alhali motar ta volt 24 ce. Wannan batirin kullum shi ke fara kwanciya.

Sai batun mai wayarka, wanda shi ya fi ɓata mini rai, don kusan kullum sai an kawo mini ɓarnar wannan gwaji. Injin dizal irin na da, in ya riga ya tashi, ba ruwansa da batir ko altaneta. To me ya gwada? Ba komai. Batir shi ke shanye hauhawar wuta. Da zarar an fizge kansa, wutar altaneta ta yi tsalle, ta ƙona diyod (mai hana wuta komawa baya) ko regileta (mai daidaita ƙarfin caji). Diyod ɗin da ya ƙone kuwa sai ya bar wuta ta riƙa komawa cikin altaneta cikin dare, kuma ko ka zare fis duka ba za ka gan shi ba. Wato mai yiwuwa likitan ne ya ƙara wa majinyaci ciwo, ya kuma karɓi kuɗi. Ga tartsatsi a bakin batirin da ke fitar da iska mai kama wuta. Na taɓa wanke wa wani yaron gareji fuska da ruwa bokiti guda bayan batir ya fashe masa a haka, Allah ya sa idonsa bai tafi ba.

Da asuba, bayan motar ta kwana da batir a haɗe, kafin a tayar, taɓa altanetar. In ka ji ɗumi, kwance babbar wayarta ka sake awo, in lambar ta faɗi, ita ce ɓarauniyar. Gwajin caji kuwa da mita ake yi: mota na aiki, wajen volt 28. Kafin a gyara, ka riƙa cire negatif duk dare, kuma don Allah kada ka sake barin mutumin nan ya taɓa kan batir inji na juyawa.