"Kusan talatin" ba lamba ba ce, Alhaji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidajen burodi biyu a cikin Kano, shekara tara ke nan ina harkar. Ma'aikatana kusan talatin ne, ko su ɗan haura. Na ware mutum biyu su riƙa kula da sha'anin ma'aikata: ɗan wana marigayi, wanda ya yi digiri, shi ne babba, sai wata akawu da ke taya shi. Amma kullum cikin ƙorafi muke. Makara, fashin aiki, rigima kan albashi, yau wannan ya gudu gobe a kawo sabo. Albashi ya kai naira miliyan 2.3 a wata, alhali buhunan fulawar da muke kwaɓawa ba su ƙaru ba. Wani matashi ya kawo mini tallan manhajar kula da ma'aikata tare da na'urar dangwala yatsa, ya ce cikin wata uku zan ga canji. Ina so in saya musu don aikinsu ya yi sauƙi, domin ina shirin buɗe gida na uku a Katsina kafin azumi, kuma burina nan da shekara biyu in kai gida goma. Shin in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka saya, aƙalla ba yanzu ba. Batun Katsina ma ka ajiye shi a gefe.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma wuri ɗaya na tsaya duka biyun: "kusan talatin, ko su ɗan haura." Ka san kuɗin da ke fita har da ɗigo uku na bayan miliyan biyu, amma ba ka san mutum nawa ke karɓar su ba. Na tabbata da zan tambaye ka buhu nawa ke cikin sito a yanzu, ba za ka ce mini "kusan" ba. Za ka faɗi lamba, in ta saɓa kuma a ranar wani zai yi bayani. To me ya sa fulawa ta samu wannan gata, mutanen da ke kwaɓa ta ba su samu ba?

Bari in yi hasashen yadda ake biyan albashi a wurinka, in na yi kuskure ka gyara mini. Ƙarshen wata ɗan wanka ya rubuto jimilla a takarda ko ya turo ta WhatsApp. Ka tura masa kuɗin, ko ka ce a ɗauka daga cinikin ranar. Shi ya raba, wasu a hannu, wasu ta taransifa daga asusunsa na kansa. Shi ne ya ɗauke su aiki, shi ya yanka musu albashi, shi ke cewa wane ya zo wane bai zo ba, shi ke cire bashi, shi ke biya, shi kuma ke ba ka labarin cewa an biya. Akawun da ka ce tana taya shi, aikinta bai wuce kwafe abin da ya faɗa mata ba. A ganinka ka kafa sashen kula da ma'aikata, alhali duk sashen yana cikin kan mutum ɗaya.

Ban ce yaron yana sata ba. Ban san shi ba, wataƙila ma ya fi ni amana. Abin da nake cewa shi ne ka ɗora shi a kujerar da in ya ci ba za a gane ba, in bai ci ba kuma ba shi da abin da zai nuna ya wanke kansa. Ranar da zargi ya shiga zuciyarka, kuma ga alama ya fara leƙowa tunda ka kawo maganar buhuna, ba ka da takardar da za ta raba ku. Sai dai rantsuwa da kukan uwarsa. Kuma kai da kanka ka san ba za ka iya sallamar ɗan wanka maraya ba.

Shekarun baya an kira ni wani kamfanin ruwan leda, ba zan faɗi garin ba. Mai shi ya rantse mini ma'aikatansa 44 ne. Na ce to wannan watan kada a biya kowa sai a gabanmu. Muka sa tebur a bakin ƙofar sito, ni da shi da littafi, muka ce kowa ya zo da katinsa ya karɓa da hannunsa. Daga hantsi har aka kira la'asar, mutum 38 suka zo. Shida suka rage, ambulan ɗinsu na ajiye a kan tebur. Biyu sun bar aiki tun kafin Babbar Sallah, ba a goge sunansu ba. Ɗaya ya rasu. Ɗaya ɗan manajan ne, yana makaranta a wani gari. Sauran biyun har muka tashi ba a samu wanda ya taɓa ganin fuskarsu ba. Abin da ba na mantawa shi ne mai kamfanin bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon ambulan ɗin nan, can ya ce, "Ni fa na yi wa manajan nan aure."

Ka yi lissafin naka. In mutum huɗu kacal ne a jerin albashinka ba su nan, kowanne a kan 60,000, ka ga 240,000 ke nan a wata, kusan miliyan uku a shekara. Kada ka ga kamar abin kunya ne a kanka kai kaɗai. Gwamnatin Tarayya da duk akantocinta, a farkon 2016 sai da ta cire sunaye sama da 23,000 na ma'aikatan bogi bayan ta gwada jerin albashi da lambar BVN. Dabarar dai ita ce wadda muka yi a bakin sito: suna ɗaya, mutum ɗaya, asusu ɗaya.

Yanzu ka ga dalilin da na hana ka sayen manhaja. Ita manhaja abin da aka zuba mata take lissafawa. In wanda ke da jerin sunayen a kansa shi zai shigar da su, to za ta fito maka da kuskuren nan a tsare, da launi mai kyau, ka ƙara yarda da shi. Na'urar yatsa kuwa, na sha ganinta a gidajen burodi ta zama ado. Mai kwaɓi ya zo da hannu duk fulawa da man gyaɗa, ta ƙi karɓa. A ɗauke wuta ƙarfe uku na dare lokacin da masu tanda ke shigowa. Bayan sati biyu sai a ce "a rubuta da hannu kawai," a koma gidan jiya.

Akwai kuma laifinka na biyu, wanda a gaskiya reshen na farkon ne. Ina da yaƙinin ma'aikatanka na tare ka a ƙofar masallaci ko a jikin mota: matata ta haihu, mahaifiyata na asibiti, kuɗin haya ya ƙare. Ka sa hannu a aljihu ka ba da dubu ashirin, ka ce "ka gaya wa yaron ya rubuta." Ba ya gaya masa. Ko ya gaya masa ya ce kyauta ce. Ƙarshen wata a cire, rigima ta tashi, ko a ƙi cirewa, kuɗi su bi ruwa. Haka nan in ɗan wanka da akawu sun dakatar da direba saboda fashi, ya zagayo ta wurin wani amininka, washegari a gan shi a kan sitiyari. To wa zai ƙara jin maganarsu? Ka ce kana so su ji daɗin aiki. Babu abin da zai taimake su kamar ka daina warware abin da suka ɗaura. Ka ci gaba da alheri, ban hana ka ba, amma adibas ya bi ta ofis, a rubuta, mai karɓa ya sa hannu. In kyauta ce ka ce kyauta ce, daga aljihunka.

Tsarin ubangida da yaransa da muka gada a Kantin Kwari da Kurmi yana aiki ne saboda yaran uku ne ko huɗu, ka san iyayensu, suna ci a gidanka, bayan shekaru ka ba su jari ka sallame su. Kai ka wuce nan tuntuni, amma har yanzu da wancan kan kake tafiyar da mutum talatin a gida biyu, rabinsu ma da dare suke aiki kana barci.

Ga abin da za a yi, kuma bai kai kuɗin buhu ɗaya ba.

Wannan watan ka zauna da kanka a biya kowa a gabanka, gida bayan gida, har da masu aikin dare. Kowa ya zo da lambar NIN da lambar asusun banki mai sunansa. Ba na ƙanensa ba, ba na mai POS na bakin titi ba. A nan take akawu ta buɗe masa fayil: hoto, ranar da ya fara, aikinsa, albashinsa, wanda ya tsaya masa, da bashin da ake bin sa, shi kuma ya amince da bakinsa. Wanda bai zo ba, albashinsa ya jira shi. Daga wata mai zuwa kuɗi su riƙa fita daga asusun kasuwanci kai tsaye zuwa asusun kowa, kada su sake kwana a hannun wani.

Sannan ka raba aikin gida uku. Ɗan wanka ya riƙe ɗaukar ma'aikata, horo, tsarin wa zai yi dare wa zai yi rana, da sauraron ƙorafi. Akawu ta riƙe rajistar zuwa aiki da lissafin albashi, kuma kai za ta miƙa wa, ba shi ba. Kai ka duba ka sa hannu ka biya. Sabon suna ba ya shiga jeri sai da sa hannunka, wanda ya tafi kuma a goge shi a ranar. Zai ji babu daɗi da farko. Ka kira shi gida, ba a gaban ma'aikata ba, ka ce masa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma wannan tsarin shi zai kare sunansa. In ya yi na'am, ka samu mataimaki. In ya tayar da jijiyar wuya a kan a ƙirga mutane kawai, to ka samu amsar tambayar da ba ka yi mini ba.

Wani abin da zai sa ka damu da ainihin lambar shi ne doka. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 tun Yulin 2024, kuma dokar ta ɗauke wa wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Dokar fansho ta 2014 ta hau kan mai ma'aikata 15 zuwa sama, kashi 10 daga gare ka, kashi 8 daga albashin ma'aikaci. Kai ka haye duka biyun, in dai lambarka gaskiya ce. Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Ta hana adibas ya wuce albashin wata guda, ta kuma hana a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashin mutum a wata. Wannan na ƙarshen shi ake yawan takawa: a ce burodi ya ƙone ko direba ya dawo da gibi, a zabtare rabin albashi. Yawancin gudun da kake gani daga nan yake. Mutumin da bai san nawa zai karɓa ƙarshen wata ba, da ya ji wani gidan burodin na nema zai tafi, ko sallama babu. Akwai kuma kashi 1 na jimillar albashi da ake biya wa NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, saboda haɗari a bakin aiki. Na san masu gidajen burodi da yawa na kawar da kai daga gare shi. Na taɓa raka wani asibiti duba yaronsa da injin murza kwaɓi ya cinye wa yatsu uku, ba takardar ɗaukar aiki, ba komai, dangi kuma na tsaye a ƙofa suna maganar kotu. Abin da ya kashe a wannan watan ya fi na shekaru da dama da ya guje wa. Ka nemi lauya ko akanta ya zauna da ku rana ɗaya ya tsara muku takardar ɗaukar aiki mai shafi ɗaya, da Hausa, yadda mai tanda zai iya karantawa ko a karanta masa ya gane.

Game da makara, kafin ka hukunta kowa ka je gidan da kanka ƙarfe huɗu na asuba, sau biyu ko uku, ba tare da sanarwa ba. Za ka iya tarar da cewa masu makarar ba su wuce mutum biyar ba, uku daga cikinsu kuma ba su da abin hawa a wannan lokacin. Wannan maganinsa sauya musu lokaci ne, ko motar raba burodi ta biya ta ɗauko su.

Gida goma cikin shekara biyu kuwa, Alhaji, Allah ya kai mu, amma ban ga alamar ba. Azumi lokacin ciniki ne, na sani, shi ya sa kake gaggawa. Sai dai gidan Katsina zai buƙaci aƙalla mutum goma sha biyu da ba za ka riƙa gani ba sai sati-sati, kuma na san wanda za ka ce ya ɗauko su. Ka yi wata shida jerin albashinka yana daidai da mutanen da ke tsaye a gaban tanda, ka kuma san nawa kake kashewa na ma'aikata a kan kowane buhu. A lokacin in ka ga littafi da Excel sun yi muku kaɗan, ka kira matashin nan mai manhaja, akawu ta zauna da shi ta gwada, ita ce za ta yi aiki da ita.

Ranar biyan, ka ƙirga ambulan ɗin da suka rage a kan tebur, ka rubuto mini adadinsu.