Akori-kurar mahaifinmu ta shekara tara a ajiye: ta ina zan fara tayar da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Garwa, arewacin Kamaru. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 akori-kura mai shan fetur, wadda ya yi shekaru yana kai buhunan masara da albasa kasuwar Pitoa da ita. Yau shekara tara ke nan tana tsaye ƙarƙashin dalbejiya a ƙofar gida. Ina da ɗan gareji, ina kuma so in gyara ta da hannuna a ranakun hutu. Abokai sun ce in cire injinta in sa na Toyota mai dizal, in sa mata faffaɗan tayoyi, in fesa sabon fenti. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifi, ya sa albarka a abin da ya bari. Ƙanena, ka riƙe mota mai daraja. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a 1968, akori-kurarta ta biyo baya bayan shekara goma da 'yan kai, masana'antar PAN ta Kaduna kuma ta ci gaba da harhaɗa 504 har bayan shekarar 2000, lokacin da Faransa ta daɗe da barin ƙera ta. Shi ya sa har gobe kayanta ba su ɓace ba a Garwa da Marwa, abin da ka rasa kuma za a samo maka daga Mubi, Yola ko Ƙofar Ruwa a Kano. Shawarata a taƙaice: ka bar mata injinta, kada ka wargaza ta gaba ɗaya, fenti kuma shi ne na ƙarshe.

Kafin ka ɗauki sifana, zauna da 'yan'uwanka. Motar gado ce, a san ko ta faɗo a rabonka ko za ka biya su. Sannan ka nemo kart giriz, wato takardar rajistar mota, ka gwada lambar da ke cikinta da wadda aka buga a jikin motar, ka fara neman mayar da ita sunanka. Na ga mutanen da suka gama aiki tsaf, mota ta kasa fita titi saboda takarda.

Daga nan sai ka shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma. Amma ka ɗora ta kan kujerun ƙarfe ko kututturan katako masu ƙwari a daɓen siminti. Jak ba abin dogara ba ne, ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bi dogayen ƙarafan ƙasa kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara tas, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji shi dum, wani lokaci ma bakin gudumar ya lotsa shi. Ka fi zuba ido inda safirin baya ke rataye, da mahaɗar kan mota da akwatin baya, da ƙasan da direba ke ajiye ƙafa, da wurin zaman batir. Sa'armu a nan arewa ita ce bushewar iska, motocinmu ba sa ruɓewa kamar na Duwala. Sai dai taka ta sha damina tara ƙarƙashin bishiya, ganye ya cika magudanan ruwan da ke gindin gilashin gaba, kuma ganyen da ya jiƙe ya kwanta shi ne abokin tsatsa. Idan ƙarafan ƙasa lafiya suke, sauran duk mai sauƙi ne. Idan sun ruɓe, kira mai walda ƙwararre ya yanke ya sa sabon ƙarfe, bayan an sauke tankin mai an kai shi nesa. Tsohon tanki, ko da babu ɗigon fetur a ciki, tururinsa kan fashe.

Yanzu injin, inda abokanka suka fi matsa maka. Kada ka sa batir ka murɗa makulli. Cire fulogogi huɗun, ka zuba kamar cokali biyu na baƙin mai a kowane rami, ka bar shi kwana uku, sannan ka kama babban notin fulin gaba da sifana ka juya a hankali. Idan ya zagaya, alhamdulillahi. Juye tsohon baƙin mai, sauya matatarsa, wanke kafireta, ka shayar da ita fetur mai tsabta daga galan, domin abin da ke tankin ya zama danƙo tuntuni. Ka yi ta buga kik ba tare da fulogi ba har fitilar mai ta mutu a dashbod, sannan ka mayar da su ka tayar. A buɗe ƙofar gareji duka, hayaƙin salansa yana kashe mutum ba tare da ya ji alama ba. Idan ya ɗumama, ari ma'aunin matsi a gwada silinda huɗun. In bambancin da ke tsakaninsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, injinka yana da sauran rai mai yawa.

Ko da ma an samu ya gaji, wannan injin an yi shi ne don a riƙa sabunta shi. Silindojinsa riguna ne da ake zarewa, waɗanda makanikanmu ke kira shemis, 'yan Najeriya kuma silif. Ana sayen su saiti guda da fistin da ringi, a zura sababbi, injin ya dawo kamar jiya aka yi shi, ba sai an kai bulo, wato gangar jikin injin, wurin mai gurza ba. Amma akwai tarko a nan. Da zarar ka ɗage kan injin, wato kulas, kada ka juya injin sai ka danne rigunan da noti da faffaɗan wasa, wato zoben ƙarfen da ake sa wa noti. Ina yaron gareji na taɓa yin wannan kuskure: na juya kaɗan don in goge kan fistin, riga ɗaya ta ɗago kamar kaurin farce, abin toshiyar da ke gindinta ya saki. Muka ɗaure komai, bayan kwana biyu baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Aikin mako guda ya koma sabo, kuma har yau ina jin nauyin kuɗin da mai motar ya sake kashewa.

Shi kuwa injin Toyota ba na musun ƙarfinsa. Amma ba ya zama a wurin sai an yanka an yi waldar sababbin ƙafafu, a sauya giya ko a ƙera mahaɗi, a gyara tsawon sandar da ke kai ƙarfi baya, a sake lagireto da wayoyi, ga nauyin dizal da zai danne gaba. Injin 504 a kishingiɗe yake zaune, an tsara wurin ne dominsa. Kart giriz ɗinka kuma ta rubuta fetur da ƙarfin injin, sai an gyara ta kafin ka wuce bizit teknik, wato binciken lafiyar mota na hukuma, cikin kwanciyar hankali. Idan ƙarin ƙarfi kake so, injin 504 ko 505 mai lita 2 ɗan gida ɗaya ne da naka, ya fi sauƙin zama nesa ba kusa ba.

Abu biyu ba na yarda a yi musu kwaskwarima: birki da ruwa. Man birki yana shan danshi, robobin ciki kuma sun bushe a shekara tara. Sauya robobi, tiyo da man duka, ka duba bututan ƙarfe. Ƙurar tsohon birki kada ka hure ta, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin tsofaffin takalman birki kan ƙunshi asbestos mai lalata huhu. Duk wanda ya taɓa gangaro falez, wato gangaren dutsen Ngaundere, da kaya a baya ya san abin da nake nufi. Lagireto kuma a kai shi a buɗe a tsefe. Zafin Maris da Afrilu a Garwa yana haura digiri 40, kan injin nan na alminiyom ne, tafasa ɗaya mai tsanani kan lanƙwasa shi. Ka sa ruwan sanyaya inji na kanti, ruwan rijiya yana barin farar ƙasa a bututu. Kada ka bari a zare maka tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, kamar yadda aka saba. Idan mota na zafi, sau da yawa toshewar lagireto ko famfon ruwa ne. Tun da kuma ba za ka rasa shan zuwa-zuwa, wato fetur na bumburutu, wata rana ba, ƙara matatar mai ta biyu kafin kafireta.

Tayoyin da ke jikinta kada zanensu ya ruɗe ka. Duba lambobi huɗu na gefe: 2314, misali, na nufin mako na 23 na 2014. Sayi sababbi masu girman da ta zo da shi. Faffaɗan taya na sa sitiyari nauyi, yana cin beriya, yana gogar bodi idan an yi lodi.

Ado kuma kana da fili. Shimfiɗa katako mai kyau a akwatin baya, a ƙera sababbin ƙarafan tamfol, a ɗinke kujera, a sa wa fitilun gaba rile, wato ɗan makunnin lantarki, don su ƙara haske, a maye kwantak ɗin da ke ba fulogi wuta da na lantarki. Duk abin da ka kwance ka ɗauki hotonsa da waya, notinansa a leda ɗaya da rubutu, kuma ka gama sashe guda kafin ka taɓa wani. Kankare tsatsa da shafa fenti na ƙasa za ka iya a gida, amma feshin ƙarshe ka kai wa mai fenti, sinadarinsa na cutar da ƙirji. Ka tuƙa ta wata biyu tukuna don duk ɗigo ya bayyana, sannan ka zaɓi lokacin da ƙurar hunturu ta kwanta. Launinta na asali za ka same shi a cikin marfin injin ko bayan kujera, inda rana ba ta taɓa ba.