Amsa kan saitin faifai da ke komawa bayan an kunna kwamfuta

Assalamu alaikum. Malam, na saurari saƙonka. Abin da na fahimta shi ne ka ba da umarnin hdparm -B 254 a Ubuntu, wato umarnin da ke saita yadda faifai ke tsimin wuta (APM), inda 254 ke rage tsimin ƙwarai, faifan ajiyar ya daina ƙas-ƙas ɗin da yake yi, amma da ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa sai ka tarar ya koma 128. Faifanka lafiyarsa ƙalau. Wannan saiti a cikin faifan kansa yake zama, kuma da zarar wuta ta bar jikinsa ya mance da shi, saboda haka dole a riƙa sake ba shi umarnin duk lokacin da na'urar ta tashi. Ka rubuta apm = 254 a cikin /etc/hdparm.conf, amma kada ka kira faifan da sda, gajeren sunan da Ubuntu ke ba shi, domin ranar da ka kunna na'urar da filasha a jikinta sunan yana iya canjawa. Ka ɗauko sunansa na dindindin daga /dev/disk/by-id.

Bari in gyara magana, domin na tuna ka ce laftof ce. Kafin ka taɓa wancan fayil, ka duba ko akwai TLP a kanta, wato manhajar da ke tsimin batir. Shi TLP, in ba a canja masa ba, yana sanya 254 idan na'urar tana kan wutar lantarki, yana kuma mayar da shi 128 da zarar ta koma kan batir, ko me ka rubuta a wani wuri.

Abin nan ya taɓa wahalar da ni ƙwarai. Na yi kwanaki ina gyara fayil ina sake kunnawa, in duba in ga 254, hankalina ya kwanta, sai da la'asar in ji ƙas-ƙas ta dawo, lambar Load_Cycle_Count kuma, mai ƙirga sau nawa allurar faifan ta janye ta dawo, wato ta 193 a bayanan lafiyar faifai na SMART, tana ta hauhawa. Har faifan na fitar na kai wa mai gyara, ya juya shi ya ce in sayi sabo. Ashe duk lokacin da aka ɗauke wuta ne saitin ke sauyawa, kuma ka san sau nawa ake ɗauke ta a rana a unguwarmu. Sai da na zare wayar caja da hannuna na ba da hdparm -B nan take, sannan na ga 128 ƙuru-ƙuru.

Kai ma ka yi wannan gwajin tukuna. In lambar ta sauka zuwa 128, ka buɗe /etc/tlp.conf ka mayar da DISK_APM_LEVEL_ON_BAT zuwa 254, sai dai ka sani batirin zai ɗan fi saurin ƙarewa.