Tambaya da Amsa: Tsohuwar Gadar Makurɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban babbar mota ne, kuma duk sa'ad da na ratsa Makurɗi nakan hango tsohuwar gadar ƙarfen nan ta kogin Binuwai, wadda aka ce jirgin ƙasa da mota duk ta kanta suke bi. Yaushe aka gina ta, kuma me ya hana a yi wa kowanne tasa? Daga wani mai karatu a Lafiya.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam direba. Gwamnan Najeriya na zamanin mulkin mallaka, Donald Cameron, ne ya buɗe wannan gada ranar 24 ga Mayu, 1932, bayan aikin kimanin shekara huɗu da kamfanin Sir William Arrol na ƙasar Sikotilan ya yi, kuma tsawonta ya kai wajen rabin mil.

Asalinta domin jirgin ƙasa aka yi ta, mota raɓawa kawai ta yi. Layin dogon gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu mai arzikin kwal, sannan ya haura Kafanchan da Kaduna, har da reshen da ya shiga Jos saboda kuza, a bakin Binuwai yake yankewa. Kafin a yi gadar, wani babban jirgin fito ne yake ɗaukar taragai kaɗan-kaɗan yana ƙetarar da su, aikin da yake cin lokaci ƙwarai, balle kogin da yakan tumbatsa da damina, ya janye da rani.

Amma batun raba gadar biyu, kuɗi ne ya hana. Abin da ya fi cin dukiya a irin wannan aiki shi ne kafa ginshiƙai a cikin ruwa har su tarar da ƙasa mai ƙarfi, to idan ginshiƙan sun tsaya, shimfiɗa hanyar mota a kansu ƙaramin ƙari ne. Ga shi kuma a wancan zamani motocin da suke ƙetarawa ba su taka kara sun karya ba, saboda haka tsayar da su har jirgi ya wuce bai dami kowa ba. A ganina hukuncin ya dace da lokacinsa, sai dai maginan ba su hango irin lodin da ku direbobi kuke ɗauka a yau ba. Da motoci suka yawaita, sai aka gina sabuwar gada ta mota zalla a shekarun 1970, wadda ita ce kake bi yanzu.