Amsa ga ɗan'uwan da zai yi kwana 3 a Amsterdam

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tambayarka a kan abin da Musulmi zai ci ya sha a kwana ukun da za ka yi a Amsterdam ta tuna mini daren da na fara sauka a garin, cikin sanyin Janairu, ga gajiya ga yunwa. Na shiga wani ɗan gidan abinci na nemi erwtensoep, miyar koren wake mai kauri da mutanen Holan suke sha lokacin hunturu. Sau biyu na tambayi mai kawo abincin ko akwai nama a ciki, ya ɗaga kafaɗa ya ce wake ne kawai. Sai da na kai cokali na huɗu na ci karo da yankan rookworst, wanda ƙyafaffen naman alade ne. Wallahi jikina ya yi sanyi. Da na nuna masa ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi in tsame in ci gaba da sha, kuma ya karɓi kuɗinsa cif. Na koma masauki ina ta kurkure baki, na kwana da yunwa, kuma har yau abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda ya raina tambayata.

Saboda haka ka haddace kalmomi uku: varkensvlees, spek da ham, duk alade suke nufi. Ko pannenkoek ka nema, wato fankensu mai faɗi kamar faifai, ka tabbatar ba mai spek ba ne.

Kifi ne ya rufa mini asiri. Ka je kasuwar Albert Cuyp da ke unguwar De Pijp, amma ban da Lahadi domin ba ta ci. A can za ka sami kibbeling, gutsattsarin soyayyen kifi mai zafi, da haring, ɗanyen kifi mai gishiri da ake barbaɗa wa albasa, wanda ni ya yi mini ƙarni amma ya kamata ka ɗanɗana. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne poffertjes: na tsaya ina kallon mai suyar yana zuba ƙullu a tanda mai ramuka yana juyawa da tsinke, tamkar mai waina a bakin layi, sai dai su man shanu da garin sukari suke sa wa. Stroopwafel kuma, wato siririn biskit mai falle biyu da narkakken sukari a tsakiya, ka saye shi da ɗuminsa. Ka riƙe katin banki, wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi.

Idan nama kake so, ka nufi titin Javastraat ko kasuwar Dapper a gabashin gari, inda Turkawa da 'yan Maroko suke da mahauta da gidajen abinci na halal. Jenever da advocaat duk giya ne, kada launin ƙwai na advocaat ya ruɗe ka. Ruwan famfonsu ana sha, shayin ɗanyen na'a-na'a yana nan kusan ko'ina, karnemelk kuwa ɗan'uwan tsala ne, shi nake saye kowace safiya. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.