Tambaya da Amsa: Tsoro ne ke kai ni majami'a

TAMBAYA: Ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji. An yi mini baftisma tun ina budurwa, yanzu ina cikin Zumuntar Mata. Amma duk taron farkaswa, da mai wa'azi ya kira masu tuba sai in fita gaba, don gani nake Allah ya share sunana. Da dare in na tuna wuta, barci ya ƙaurace mini. Wata 'yar'uwa ta ce haka ya kamata, wai tsoron Ubangiji shi ne mafarin hikima. Haka ne? — Wata uwa, Kafanchan

AMSA: Mama, mun gode da wasiƙarki. Ayar da aka kawo miki gaskiya ce, tana Karin Magana 9:10, amma abin da ke hana ki barci daban ne. Buɗe Fitowa 20:18-20. Jama'a sun ga dutse yana hayaƙi, suka ja da baya suna rawar jiki. Musa ya ce musu kada su ji tsoro, nan take kuma ya ce Allah ya zo ne don tsoronsa ya zauna a zukatansu, kada su yi zunubi. Ashe akwai fargabar da ke korar mutum daga gaban Allah, akwai kuma girmamawar da ke raba shi da zunubi. Wannan girmamawar ce Karin Magana take nufi.

Ga yadda za ki gane wadda ke aiki a zuciyarki: in kin yi laifi, ina kike nufa? Yaron da ya fasa tulu, in ya san uwarsa na ƙaunarsa, gida zai dawo yana kuka. In bulala kaɗai ya sani, sai ya ɓoye fasasshen tulun, ya yi ƙarya. Adamu ya ɓuya (Farawa 3:10). Bawan da ya binne kuɗin maigidansa ya ce tsoro ya sa shi (Matiyu 25:25). Fargaba tana iya cika benci ranar Lahadi, amma ɓoyo da riya take haifarwa. Shi ya sa 1 Yohanna 4:18-19 ta ce cikakkiyar ƙauna tana korar tsoro, domin tsoro da hukunci yake tafiya, mu kuwa muna ƙauna ne don Allah ne ya fara ƙaunarmu.

Ki karanta 1 Yohanna gaba ɗaya a zama guda. Surori 5 ne kawai, ayoyi 105 duka, ba za ta ci miki minti 20 ba. Ki ja layi a duk inda aka ce “mun sani” ko “ku sani”, sannan ki tsaya a 5:13, inda manzon ya faɗi dalilin rubutunsa: masu ba da gaskiya su san suna da rai madawwami. In zunubi ya dame ki, ki kira shi da sunansa a addu'a, ƙarya ce ko gulma ko riƙon wani a zuci, ki nemi gafara sau ɗaya bisa ga 1:9, ki je ki gyara da wanda kika ɓata wa. Inda mutane ke kuskure shi ne roƙon gafarar “dukan zunubaina” kullum ba tare da ambaton ko ɗaya ba. Irin wannan addu'a ba ta kawo hutu, domin babu wani takamaiman abu da aka ajiye. Laifin da Ruhu Mai Tsarki ya nuna yana da suna, yana da mafita. Zargin da ba shi da kai ba shi da gindi kuwa, kada ki karɓe shi a matsayin muryar Allah.

A taro na gaba, in an yi kira, ki zauna a inda kike ki gode wa Almasihu da ya riga ya karɓe ki. Ki kuma sami fastonku ko matarsa ku zauna. In rashin barci da faɗuwar gaba suka wuce makonni, ki ga likita. Hakan ba rashin bangaskiya ba ne.

TAMBAYA: Ina koyar da 'yan shekara 6 zuwa 10 a Makarantar Lahadi. Ba sa natsuwa sai na ambaci wuta. In daina? — Wani malami, Biliri

AMSA: Malam, ka daina amfani da ita a matsayin tsumagiya. Hukunci gaskiya ne, Yesu da bakinsa ya yi maganarsa, kuma za ka koyar da shi idan darasi ya kai can. Amma yaron da aka ce zai shiga wuta don ya yi surutu, abin da ya koya shi ne Allah mai saurin fushi ne, kuma ranar da ya girma ya daina firgita, babu sauran abin da zai riƙe shi. Yawancin surutun nan ma daga tsawon darasi yake. Kada labari ya wuce minti 10, ka bi shi da waƙa, aya ɗaya ta haddacewa, da tambayoyi 2 ko 3. Ka ɗauki Luka 15 cikin Lahadi 3: tunkiya, azurfa, ɗan da ya ɓata. Kowane mako ka tambaye su wa ya yi nema, wa ya yi murna. Wanda ya yi rashin ji, ka canja masa wurin zama, ka yi masa magana shi kaɗai bayan an tashi.

TAMBAYA: Wata 3 ban ba da zakka ba, sai ciniki ya tsaya, ɗana kuma ya kwanta. La'anar Malakai 3:9 ce ta kama ni? — Wani ɗan kasuwa, Jos

AMSA: Ɗan'uwa, sannu, Allah ya ba yaron lafiya. Almajirai sun yi irin wannan lissafi a kan wani mutum da aka haifa makaho, Yesu ya ƙi lissafin nasu (Yohanna 9:1-3). Galatiyawa 3:13 kuma ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a. Bayarwa tana da kyau ƙwarai, ikkilisiya na bukatarta, sai dai 2 Korintiyawa 9:7 ta hana a yi ta da ɓacin rai ko a kan dole, 8:12 kuma ta ce gwargwadon abin da mutum ke da shi ake karɓa. Kada ka ci bashi don biyan na baya. Fara kai yaron asibiti. Sannan ka lissafa ribarka ta mako, ba jarin ba, ka ware abin da ka yi niyya daga cikinta, ka kuma sanar da dattawan ikkilisiyarku halin da gidanka ke ciki don su taimaka.